Cingam Ɗin Gayyata

Karo na uku ke nan Uwani tana gyara shimfiɗar tabarmin da babu wanda ya taka. Ta jawo wannan inuwa, ta karkaɗe waccan, sannan ta miƙe ta dafa ƙugu tana kallon ƙofar gida. Ƙarfe goma ta wuce. A gefen rijiya kwando biyu na tumatir suna jira, ga buhun shinkafa, ga tarin albasa, ga shinkafar waina da aka jiƙa tun asuba. Wuƙaƙe bakwai ta jera a faranti, har da biyu da ta sayo jiya don kada a rasa abin yanka.

Gobe ne sunan jikanta na farko. 'Yarta ta fari, wadda ba ta kama sunanta sai dai ta ce "yarinyar nan", tana ɗaki tana jego, dangin mijin yarinyar, Suhaibu, kuma sun aiko cewa mota biyu za su cika daga Izom. Sababbin surukai ne, irin masu cin abinci da baki suna auna gida da ido. Yau ce jajibere, ranar da mata ke taruwa a yi gyaran kayan miya da niƙa da suya. In har rana ta faɗi ba a ɗora komai ba, gobe Uwani ba ta san inda za ta sa fuskarta ba. Ga shi ko babbar tukunya ɗaya babu a gidan, domin tun can tukwanen tsohuwar maƙwabciyarta Maman Dami ake aro.

Ta ciro waya daga haɓar zani ta sake dubawa, ko da wani abu ya canza.

Shekara goma sha tara ta yi a Gidan Mangwaro, wani babban gidan haya a cikin garin Suleja, kafin mijinta Yahaya ya kammala ɗan gininsu a Gauraka, kusa da garejinsa. Ranar tashi an sha kuka. A cikin motar kayan ma ta buɗe wa matan gidan guruf a WhatsApp, ta sa masa hoton bishiyar mangwaron, ta rubuta a ƙasa: "Zumunci a ƙafa yake." Tun daga nan ta riƙe shi kamar gonar gado. Juma'a ta yi gaisuwar Juma'a, Lahadi ta yi wa Kiristocin gidan barka da Lahadi. Ta nemo lambobin waɗanda suka tashi tun da daɗewa, ta Kaduna da ta Lakwaja da ta Anacha, ta zuba su. Ta hana tallan magani, ta hana siyasa. Mata arba'in da ɗaya, kullum ana hira har batirin waya ya yi ja. In ana maganar masu riƙon zumunci, Uwani takan ɗan gyara zama.

Saƙon yana nan inda ta sa shi kwana shida da suka wuce, da katinsa mai furanni da hoton ƙafar jariri. An samu ƙaruwa, namiji. Da yake aiki aka yi wa mai jego, kada kowa ta wahalar da kanta zuwa barka, a haɗu ranar jajibere da ranar suna. Ta ma karanta shi da murya saboda waɗanda ba sa karatu. Mata talatin da takwas sun gani. An turo zuciyoyi ja, an turo hannuwan addu'a. Yaya Indo, babbar aminiyarta, ta turo murya: "Allah ya raya, Allah ya kai mu lokacin."

To ga lokacin Allah ya kawo su. Ina mutanen?

Yahaya ya shigo da igiyar rago a hannu, rigarsa duk baƙin mai. Ya dubi tabarmi, ya dubi wuƙaƙe.

"Kin gaya musu kuwa?"

"Na sa a guruf."

"Na ce kin gaya musu?"

"Malam, ai shi ne gaya musun. Ga shi nan, kowa ta gani, kowa ta amsa."

Ya ɗan leƙa wayar daga nesa, kamar mai duba injin da ba shi ya kwance ba. "To. Ni dai jiya masallaci huɗu na kai goro." Ya wuce bayan gida wajen ragon.

Ta kira Yaya Indo. Sai da ta kusa tsinkewa aka ɗauka.

"Yaya, ina kwana? Kuna hanya ne?"

"Lafiya lau, Uwani. Ya mai jego? Ya ɗan baƙo?"

"Suna lafiya. Na ce kuna hanya?"

"Wanki nake yi, hannuna duk kumfa. A gaishe su."

Kit, aka kashe. Uwani ta tsaya da waya a kunne. Babu faɗa a muryar, babu zagi, gaisuwa ce cikakkiya, amma irin wadda ake yi wa mai karɓar kuɗin wuta. Ta shiga lalube a ranta. Ko ta yi wata magana a guruf da ta ɓata wa wata? Ta koma baya tana karantawa, sati ɗaya, sati biyu, ba ta ga komai ba sai barkwanci da hoton miyar wata. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma ita ta rasa inda tsamin ya fito.

Tana cikin haka sai ga saƙon murya daga Maman Kosi, wadda ta koma Anacha shekara shida da suka wuce. Cikin Hausarta da ta fara tsatsa ta ce ta ga katin, ta yi murna har da rawa, ta saƙa wa jariri rigar sanyi da hula ta ba direba, kayan suna tasha a Suleja tun jiya, a je a karɓa.

Nan kan Uwani ya ƙara ɗaurewa. Saƙo ɗaya ne. Ya tsallake kogin Kwara ya isa Anacha har ya dawo da hula, amma ya kasa kawo mutanen da Keke Napep ɗaya zai kwaso. Ta bar mai jego a hannun ƙanwar Yahaya, ta zura hijabi ta fita.

A bakin titi manyan motocin Kaduna suna ta wucewa, masu abinci suna kwashe kwanukan safe. Ta samu Keke, ta matse tsakanin wata mai buhun gawayi da wani mai jakar ofis. Duk tsawon hanya wayar na hannunta. A guruf ana ta hira a kan tsadar gas, wata ma ta rubuta, "Gobe muna da suna fa!" aka bi ta da zuciyoyi. Uwani ta kalli wannan ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ta karɓi ƙunshin a tasha, ta taka da ƙafa ta ƙarasa Gidan Mangwaro, tana tsallake kwatocin da ruwan jiya ya cika.

Abin da ta fara gani da shigarta shi ne tukwanen. Manya guda uku, an goge su da toka sun yi fes, an kife su a rana a ƙofar ɗakin Maman Dami. Kusa da su ga manyan ludaya an ɗaure da igiya, shiri irin na mai jiran mota.

Yejide, wadda kowa ke kira Maman Dami, Bayarabiya ce, mai sayar da abinci, ta fi shekara goma sha biyar a gidan. Tana zaune a kan turmi tana tsince wake. Ta ɗago, fuskarta ta buɗe, sannan ta rufe.

"Ah, Anti Uwani. Madam admin. Sannu da zuwa."

"Maman Dami, lafiya? Tun safe nake zuba ido. Ga tukwane ma kin wanke."

"Na wanke. Tukunya ba ta son datti."

"To me ya hana ki zuwa?"

Yejide ta ajiye farantin waken a cinya. "Zuwa ina? Wa ya gayyace ni?"

"Ni mana! Ba ki ga kati ba? Har zuciya uku kika turo."

"Kati na gani. Duk duniya ta gani. Maman Kosi da take Anacha ma ta gani." Ta buɗe tafin hannunta ta miƙa. "Ina cingam ɗina?"

Uwani ta kalli hannun. Sai a lokacin abin ya faɗo mata. A gidan nan, da unguwar baki ɗaya, in mace za ta yi biki ko suna, takan sayi ledar cingam ko alawa ta bi ɗaki ɗaki, ta yi sallama, ta zauna ko da minti biyu ne, ta danƙa wa kowa guda biyu a hannu ta ce, "Ranar kaza muna da sha'ani." Wadda aka ba, an gayyace ta, aiki ya hau kanta. Wadda ba a ba ba, ko da a kunnenta aka buga gangar, ba ta zuwa. Uwani da kanta ta yi wannan zagaye ya fi sau goma. Ba mantawa ta yi ba, ta ɗauka ne waya ta ɗauke wa kowa wannan wahala, kamar yadda injin niƙa ya ɗauke daka.

"Haba Maman Dami, cingam? Abin da yara ke saya a shagon Romanus?"

"Ke kika koya mini!" Muryar Yejide ta tashi. "Shekarar da na zo gidan nan, na ji ana suna a ɗakin can, na ɗaura gele na shiga. Wa ya jawo ni gefe ya ce ba haka ake yi ba, sai an kawo miki? No be you? Tun daga ranar ban taɓa kuskurewa ba. Bikin Damilare, da cingam na bi ku, har mutanen cocinmu suna mini dariya."

"To ai da kin tambaya."

"In tambayi wa? Ni na ɗauka kin zo ranar da nake kasuwa, kin ba 'yan uwanki, kin tsallake ɗakina." Ta kawar da kai. "Na ce to, an koma sabon gida, an samu surukai malamai, wataƙila ba a son hannun Kirista a tukunya. Kwana shida ina jin wannan abu a nan." Ta dafa ƙirji. "Wetin I go talk? Sai na tura zuciya."

Wannan magana ta soki Uwani. Matar da ta kwana da ita a asibiti ranar haihuwar autarta, ita ce ta yi kwana shida tana zaton an ware ta. Idonta ya ciko.

"Wallahi ban ba kowa ba. Ko Yaya Indo."

Yejide ta saki baki. "Ko Mama Indo? Ke! Kin mutu." Sai dariya ta ƙwace mata, tana yi tana share ido da gefen zani. "Ashe shi ya sa kowa take ta sanɗa a gidan nan. Kowa tana kallon bakin 'yar uwarta ko za ta ga tana tauna."

Haka abin yake kuwa. Uwani ta fita shagon Romanus da ke ƙofar gida ta sayi leda guda, ta fara bi ɗaki ɗaki, kuma duk inda ta shiga labarin ɗaya ne da riga daban. Wannan ta zaci don ba ta je ganin sabon gida ba ne aka yi fushi da ita. Waccan ta zaci laifin faɗan da yaransu suka yi ne tun shekara uku. Kowace ta ɗauka ita kaɗai aka tsallake, kunya ta hana ta tambayar maƙwabciyarta, sai ta shiga guruf ta fi kowa zuba addu'a don kada a gane. Wata ma ta buɗe akwati ta nuna mata turmin atamfar da ta saya wa mai jego, yana nan a ƙasan kaya. Suna karɓa suna dariya, suna cewa Allah ya kai mu, amma kowace sai ta ƙara da tambaya ɗaya: "Kin shiga wajen Yaya Indo?"

Uwani ta san dalili. A'isha, wadda girma ya mayar Yaya Indo, ita ce uwar aiki a gidan. Ita ke cewa wance ta kama albasa, wance ta hura wuta, ita ke ɗanɗana gishiri. In ba ta ɗaura ɗankwali ta fito ba, babu wadda za ta yi gaba da ita. Kuma ita ce ta yanke wa "yarinyar nan" cibiya, a wancan ɗakin na ƙarshe, wata ranar da ruwa ya hana mota shigowa unguwa.

Tana bayan ɗakinta tana shanya. Babu kumfa a hannunta, kayan ma sun kusa bushewa. Uwani ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa ba tare da ta juyo ba.

"Yaya, na yi kuskure. Ga shi na kawo."

Yaya Indo ta juyo ta kalli cingam biyun da ke tafin Uwani. Ba ta miƙa hannu ba. Ita dai ba ta taɓa sa cingam a baki ba, takan ce taunarsa aikin marasa kunya ne, in an ba ta na gayyata sai ta ƙulle a bakin zani ta kai wa jikoki. Amma karɓa kam takan karɓa, da hannu biyu.

"Yau jajibere, Uwani. Wanda ake kawowa ranar jajibere ba gayyata ba ne, neman 'yan aiki ne."

"Yaya, wallahi na ɗauka kin ji. Da bakinki kika ce Allah ya kai mu."

"Na ji mana. Sanarwar rediyo ma ina ji." Ta yarfa wani zani a igiya. "Yarinyar da na yanke wa cibiya aka shiga da ita ɗakin tiyata. A ina na ji? A cikin taron mata arba'in, tsakanin mai tambayar kuɗin gas da mai turo hoton kyanwa. Kuma aka ce kada kowa ta zo barka. Ni ce kowa?"

"Don kada ku sha wahalar hanya ne."

"Wa ya ce miki wahalar ba ta cikin abin?"

Uwani ta so ta ce kullum suna tare, kullum suna gaisawa, ta fi sanin lafiyar ƙafar Yaya Indo yanzu fiye da lokacin da bango ɗaya ya raba su. Gaskiya ne kuma. Ta so ta ɗaga ƙunshin Maman Kosi ta ce ga shaida, abin nan yana aiki. Shi ma gaskiya ne. Amma ta lissafa a ranta, rabonta da taka gidan nan tun ƙaramar Sallar bara. To wanne ne zumuncin, wanda take yi kullum ko wanda ta daina? Ta kasa raba su, kuma gwiwoyinta sun fara ciwo.

"Ki tashi," in ji Yaya Indo. "Kin bar mai jego. Allah ya raya."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Uwani ta miƙe, ta ajiye cingam biyun a kan wata kujera 'yar tsugunno da ke bakin ƙofa, ta juya.

Yejide ta riga ta tsayar da Keke, ita da direban suna ɗaure tukwane a baya. Ita kaɗai ta shirya. Sauran matan suna ƙofofinsu, wata da mayafi a kafaɗa, wata da wuƙa naɗe a tsumma, kowace tana satar kallon labulen ɗakin Yaya Indo. Labulen bai motsa ba.

"Mu je," in ji Yejide. "Ni da ke da ƙanwar oga, za mu yi abin da za mu iya."

Mutum uku, kwando biyu na tumatir, mota biyu daga Izom. Uwani ta shiga ta zauna, ƙunshin hula a cinya, ragowar ledar cingam a hannu. Keken ya fita daga unguwa, tukwane suna ƙara a duk ramin da suka faɗa. Baƙin ciki Uwani take ji, da kunya, da wani haushi da ta rasa wanda za ta ɗora wa. A ranta ta ƙudura in ta isa gida za ta goge guruf ɗin kowa ya huta, sannan ta tuna Maman Kosi, ta fasa, sannan ta sake ƙudurawa.

Sun kusa Gauraka wayar ta yi ƙara. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta Yejide ma ta yi ƙara.

"Mama Indo ce," in ji Yejide. "A guruf. Murya."

Uwani ta danna, ta kara a kunne saboda iskar hanya.

"Matan Gidan Mangwaro, ku saurara da kyau, ba na maimaitawa. Ana idar da azahar kowa ta fito ƙofar gida da wuƙarta. Masu waina su ɗauko tanda. Kada wadda ta zo mini da yaro mai kuka. Maman Dami, ki hura wuta kafin mu iso, kuma kada ki bar Uwani ta taɓa gishiri, hannunta nauyi gare shi. Na Kaduna da na Anacha, ku kuma naku addu'a."

Ba sallama, ba gaisuwa, ba a ko ambaci zuwanta ba. Amma akwai wani abu a ƙarƙashin maganar da Uwani ba ta gane ba. Ta zaci ƙarar Keken ce. Ta ce wa direba ya ɗan tsaya, ta ƙara sauti, suka haɗa kai ita da Yejide a kan wayar, ta sake dannawa.

Tsakanin kowace magana da mai bi mata, ana jinsa sarai: ƙas, ƙas, ƙas.